Jini Na Uku

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Anti ina shafinmu", ku sassauta min don Allah, ruwan sama ne ya kayar mana da falwaya, sai jiya aka gyara. Ku kuma masu cewa Sa'ade ta cika taurin kai, na ji ku. Ku bari ku kai shekarunta tukuna, sai mu zauna mu yi maganar.

*

Tun asuba ake yayyafi a Rikkos, irin na watan Agusta wanda ba ya jiƙa mutum sosai, sai dai ya shige masa ƙashi. Kowa a unguwar ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, har awaki sun raɓe a jikin katanga. Amma Sa'ade tana tsaye bakin tagar ɗakin Inna, ta wangale ta, ta tuɓe ɗankwali tana fifita da shi, gumi na bin wuyanta kamar mai tuƙa tuwon biki.

Haka abin yake zo mata, ba sallama. Sai ta ji kamar an hura gawayi a ƙirjinta, zafin ya hau wuya, ya hau fuska, zuciya ta kama dukan uku-uku. In ya ga dama ya sake ta, sanyi kuma ya karɓe ta a jiƙe.

Alhaji Ɗayyabu, maigidan, ya leƙo, da hular sanyi a kansa, zai fita kasuwar dankali.

"Abin ne ya motsa? Sannu. In ya lafa ki rufe tagar saboda Inna."

Ba ta juyo ba.

"Na aiko da nono da awara, an ce suna miki amfani. Ki daure ki ci."

Ya fita. Ta bi ƙofar da kallo. Kwana biyun nan wani sauƙin kai ya zo wa mutumin nan wanda ba ta san shi da shi ba, kuma maimakon ya kwantar mata da hankali sai ya riƙa tsorata ta. Wannan fa shi ne wanda da ciwon ya fara ya ce aljanu ne, ya kawo mata masu ruƙiyya har sau uku suka cika ɗaki da hayaƙi. Shi ne wanda da ta ce kwanciyar aure ta koma mata azaba ya ce raini ne ya kawo haka.

Ta juya ga Inna, mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara tara ke nan. Tun ranar da aka dawo da tsohuwar daga asibiti Alhaji ya sa Sa'ade ta ajiye aikin koyarwarta, wai na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ne har yau. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce kwashe abin da ba a faɗa. 'Yan'uwansa mata kuwa sai ranar Juma'a su zo da lemo da ayaba, su yi hoto da tsohuwa, su ce "Allah ya ba ki lada, Sa'ade", su kaɗa mayafi su tafi.

Da ƙyar da jiɓin goshi ta samu ya furta mata saki ɗaya. Ta ɗauka wata uku za ta yi na idda a ɗakinta ta kama gabanta, kamar kowace mace. Jini na farko ya zo. Na biyu ya zo a makare. Na uku kuwa, wanda da ganinsa igiyar ta tsinke, ya yi ɓatan dabo. Malamin da aka tambaya ya ce tunda ba ta kai shekarun yanke tsammani ba, ko dai ta ga na ukun, ko ta cika shekara guda cur tana jira. Kuma muddin tana cikin iddar nan, kalma ɗaya ta ishi Alhaji ya mayar da ita, ko tana so ko ba ta so.

Wata na shida ke nan da ganin na biyun. Jikinta ne ya kulle ta, kuma ba ta san inda ya ajiye mabuɗin ba.

"Salama alaikum, masu gida! Ko duk sanyi ya kashe ku?"

Sista Roseline ce, maƙwabciyarsu, nas a wani ƙaramin asibiti a Titin Bauchi. Ita ke shigowa duba hawan jinin Inna da gyambon kwanciya da ke bayanta, kuma ita ce ta ja Sa'ade gaban likita bayan masu hayaƙi sun gama nasu. Ta ajiye lema, ta gaida Inna da ƙarfi, sannan idonta ya sauka kan kofin da ke bisa tebur.

"Maman Bushira, me ke cikin kofin nan?"

"Shayi ne."

"Na san shayi ne, ban ce fetur ba." Ta ɗauka ta shinshina. "Citta, kanumfari, masoro. Haba! Mace tana kukan wuta tana ƙara itace?"

Sa'ade ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"An ce yana saukar da al'ada."

"Wa ya ce?"

"Mata."

"Matan nan su za su kashe ni." Roseline ta zauna bakin gado tana naɗa wa Inna abin awo. "Me likita ya ce miki? Ki rage yaji da abu mai zafi. Ki sa kaya marasa nauyi, biyu ko uku, in zafin ya zo ki cire ɗaya, in ya tafi ki mayar. Ki sha ruwa. Nono, ƙananan kifi, zogale, saboda ƙashinki. Ki riƙa taka ƙafa kullum ko zuwa bakin titi ne. Wanne kika yi?"

"Taka ƙafa, Sista? In bar wa wa Inna? Daga nan zuwa madafa ita ce tafiyata."

"Barci fa?"

"In na samu na awa biyu na gode Allah. Sai in farka zanin gado sharkaf. Jiya kuma na ɗora ruwan wankan Inna na manta, har tukunyar ta ƙone. Wani lokacin sunan Bushira ma sai na lalubo shi. Anya ba haukacewa nake yi ba?"

"Ba ki haukace ba. Ni da kike gani, lokacin nawa a coci nake tashi tsakiyar wa'azi in fita waje ina fifita da littafin waƙa. Har maigidana Baban Gyang ya fara tunanin ko na daina son Allah ne. Yana wucewa, amma sai an taimaki jiki."

Sa'ade ta leƙa tsakar gida, ta ga ba kowa, ta dawo ta durƙusa gaban Roseline ta kama hannunta.

"Sista, don girman Allah ki taimake ni. Ku ma'aikatan asibiti ba ku rasa maganin da zai sauko da shi. Sau ɗaya kawai nake nema."

"Tashi, abeg, tashi. Kar ki durƙusa min."

"Ba zan tashi ba."

Roseline ta sauke numfashi.

"Maman Bushira, ba famfo ba ne da zan murɗa miki. Ƙwan da Allah ya ba mace ne ke ƙarewa. Sinadarin da ke tafiyar da al'ada yau ya hau, gobe ya sauka, shi ya sa zafin, shi ya sa mantuwar, shi ya sa jinin ke miki wasan ɓuya. Zai iya zuwa gobe. Zai iya ƙara wata uku. Wasu matan shekaru suke yi a haka kafin ya ɗauke gaba ɗaya, kuma mu sai an shekara ba a gan shi ba muke cewa ya tafi."

"Shekaru..."

"Ba zan miki ƙarya ba, akwai magunguna. Har wanda ke rage zafin nan akwai, da na bushewar da kika gaya min. Amma da hawan jinin da aka gani a jikinki, ba zan ba ki ko ƙwaya ɗaya a bayan idon likita ba. Ki shirya mu koma ranar Talata."

Sa'ade ta saki hannunta ta zauna daɓas a ƙasa. Roseline ta dube ta, tausayi ya kama ta, ta rage murya.

"Ni fa akwai abin da ban gane ba a dokar nan taku. Kin ce maganarki kawai ake karɓa, ba mai dubawa?"

"Ba mai dubawa."

"To in kika ce ya zo, wa zai sani?"

Sa'ade ta gyara zama a ƙasa. Ƙarya take in ta ce tunanin bai taɓa zo mata ba. Kullum sai ya zo, har ta tsara yadda za ta faɗa da irin fuskar da za ta yi.

"Wanda zai sani ba ya bukatar a buɗe masa ƙofa, Sista. Amana aka ba mu. In na fita da ƙarya, duk inda na je matar Alhaji ce ni a wurin Allah. Gara in fita da gaskiya ko da rarrafe ne."

"To Allah ya kawo shi," in ji Roseline, ta tattara kayanta. "In ya zo da yawa fiye da yadda kika saba, ko ya ƙi tsayawa, ki kira ni. Kar ki ce murna ta hana ki."

*

Da aka kira azahar ta juya Inna ɓangaren dama, ta ɗauki buta ta shiga banɗaki.

Ba ta fito da wuri ba.

Da farko ta ɗauka idonta ne. Ta matsa kusa da ƴar tagar da haske ke shigowa, ta sake dubawa. Ta duba na uku. Sai ta dafa bango, ta toshe bakinta da hannu don kar Inna ta ji. Kuka take tana dariya, mace mai shekara arba'in da shida, kamar yarinyar da aka ce ta ci jarrabawa. Abin da tun tana budurwa take tsaki in ta gan shi, yau shi take wa sannu da zuwa.

Ya zo. Ba da magani ba, ba da ƙarya ba.

Ta fito ta ɗauki waya ta kira Yaya Sabitu, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a wurinta.

"Yaya, na gama. Iddata ta cika yanzun nan. Ka zo ka ɗauke ni."

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji." Muryarsa ta yi wani iri. "Kin tabbata?"

"Da wannan zan yi wasa?"

"To. Kar ki fita ko'ina. Ina zuwa bayan la'asar."

Murna ba ta bar ta ta tsaya kan muryar tasa ba. Jaka ɗaya ta haɗa: atamfa huɗu, hijabai, takardun makarantarta da suka fara cin ƙura a ƙasan akwati, da maganin hawan jininta. Sauran kayan ɗaki su biyo baya ko su zauna, ba su dame ta ba.

Sallama da Inna ce ta fi mata wuya. Ku da kuke ganin ta tsani tsohuwar nan ba ku fahimce ta ba. Ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta shafe ta da man kaɗanya, ta ba ta kunu cokali-cokali, ta taje mata furfura.

"Inna, zan tafi. Ki yafe min. Zan riƙa leƙo ki."

Tsohuwar ba ta iya magana, amma hannun nan ɗaya mai rai ya damƙe gefen zanin Sa'ade, hawaye na gangara ta gefen ido zuwa kunne. Sai da Sa'ade ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana jin kamar naman jikinta take yanka.

Bushira, 'yarta ta fari, ta dawo daga jami'a ta tarar da jaka a falo. Ta tsaya turus.

"Umma, wannan fa?"

"Allah ya yanke min wahala, Bushira. Kawunki na hanya."

Maimakon ta rungume ta, sai yarinyar ta yi fari fat, ta zauna a hannun kujera tana murza yatsu. Sa'ade ta ɗauka baƙin cikin rabuwar iyaye ne, ta dafa kanta ta ce ai gidan kawun nata a Unguwar Rogo ba nisa.

Bayan la'asar motar Yaya Sabitu ta tsaya a ƙofar gida. Abin da ya ba ta mamaki, tare suka shigo da Alhaji Ɗayyabu. Ba wanda ya dubi jakar. Alhaji ya zauna a kujerarsa ya cire hula ya ɗora a gwiwa, hankalinsa kwance kamar wanda ya sayar da kayansa tun safe. Yaya Sabitu ya zauna can gefe yana kallon tabarma.

Sa'ade ba ta zauna ba. Ta gyara hijabi ta ɗauki jakarta.

"Alhaji, iddata ta cika yau da azahar. Ga maganin Inna can na jera, na safe daban na dare daban. Ana juya ta duk bayan awa biyu. Abin da na yi maka ba daidai ba ka yafe ni, ni ma na yafe. Yaya, mu tafi."

"Ajiye jakar nan, Sa'ade."

"Na'am?"

"Na ce ki ajiye. Wace idda?"

"Wace idda kamar yaya? Iddar sakin da ka yi min."

"Ai babu wata idda. Na mayar da ke."

Ta yi ƴar dariya, don ta ɗauka bai fahimta ba.

"Ka makara, Alhaji. Tun azahar na fita daga hannunka. Yanzu ko sau ɗari ka faɗa, iska ce."

"Ba yau na faɗa ba." Ya gyara zama. "Juma'ar da ta wuce waccan, bayan an sauko daga masallaci. A gaban shaidu."

Ɗakin ya juya mata. Ta ji zafin nan ya taso daga ƙirji, wannan karon har cikin kunnuwanta, gumi ya karyo mata a goshi. Ta riƙe hannun jakar gam don kar ta faɗi.

"Mako biyu," ta ce a hankali. "Mako biyu ina matarka ban sani ba? Kana kallona ina shan citta kamar mahaukaciya, ina shiga banɗaki ina fitowa, ka yi shiru?"

"An ce ba a son ranki yana ɓaci, yana tayar miki da ciwon. Na bari sai kin ɗan samu sauƙi."

"Wa ya ce?"

Idonsa ya tafi kan Bushira. Yarinyar ta zame daga hannun kujera ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata.

"Umma, wallahi ba haka na nufa ba! Na ga yana ta cewa aljanu ne, yana cewa kin raina shi. Shi ne na zaunar da shi na gaya masa duk abin da likita ya ce ranar da na raka ki. Na ce lalura ce ta shekaru, kowace mace tana yi. Don ya tausaya miki na faɗa, Umma, don ya daina zaginki!"

"Kuma ta kyauta," in ji Alhaji. "Yarinyar nan ta buɗe min ido. Ashe abin yana sa mace fushi, ta yi ta faɗin abin da ba ta nufa. To ni da hankalina zan biye wa mara lafiya in rushe gidan shekara ashirin da wani abu? Ba ke kika nemi saki ba, Sa'ade. Ciwo ne ya nema."

Wannan maganar ta fi mata zafi fiye da komen kansa. Da ya ce aljanu ne, ya ƙwace mata lafiya. Yanzu da ya yarda ciwo ne, ya ƙwace mata baki.

"Zafin nan jikina ne, na yarda," ta ce. "Mantuwa jikina ce. Rashin barci jikina ne. Amma aikina da ka sa na ajiye, shi ma jikina ne? Shekara tara ban je bikin kowa ba, ban je ta'aziyyar kowa ba, ranar da ƙanwata ta rasu a Bukur awa biyu ka ba ni, shi ma jikina ne? Na roƙe ka ka ɗauko mai taya ni ka ce baƙuwa ba za ta ga tsiraicin uwarka ba. Na ce 'yan'uwanka su karɓe ni ko kwana ɗaya a mako ka ce suna da mazaje. Duk wannan yana nan tun ina ganin al'adata daidai, Alhaji. Abin da ya canza ɗaya ne. Da ina iya haɗiyewa, yanzu maƙogwaron ya ƙi."

"Kin gani ko?" Ya juya ga Yaya Sabitu. "Ka ji irin abin da nake gaya maka. In ya motsa haka take yi. Bushira, kawo mata ruwan sanyi."

"Kar ki motsa!"

Bushira ta ƙame a inda take.

"Tambaya ɗaya zan maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Ni ka mayar, ko mai jinyar Inna?"

Alhaji ya juya hular da ke gwiwarsa, ya sake juya ta.

"Ai duk ɗaya ne."

Ko Bushira sai da ta ɗago ta dubi ubanta.

Sa'ade ta share gumin fuskarta da gefen hijabi. Wani abu ya faɗo mata, ta kama shi kamar wanda ruwa ya ci ya ga reshe.

"Ban yarda ba. Yau da Yaya ya gaya maka na gama, shi ne ka ƙirƙiro wannan a hanya. Gobe da safe ina gaban alƙali. Ka ce a gaban shaidu ka yi, ko? To su waye? Ka kira sunansu, in ba yaran shagonka ka saya da kuɗin shayi ba."

"Liman na nan, ki aika a tambaye shi."

"Na biyun fa?"

Alhaji ya mayar da hularsa kai.

"Ki tambayi wanda kika kira ya ɗauke ki."

Ta juya a hankali. Yaya Sabitu bai ɗago ba. Tun shigowarsa tabarmar nan yake kallo, yanzu ta gane dalili.

"Yaya?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Yaya, ka ce min ƙarya yake."

"Sa'ade..." Ya yi gyaran murya, ya miƙe tsaye da ƙyar kamar wanda aka ɗora wa buhu. "Ki yi haƙuri. Mace mai shekarunki, ga lalura, ina za ki? Wa zai ɗauke ki? Gata na yi miki."

Ya matso, ya sa hannu ya zare jakar daga yatsunta. Ta bi shi da ido, tana jiran ya nufi ƙofar waje inda motarsa take.

Ɗakinta ya nufa da ita.